Lissafin gudu, nisa da lokaci: me ya sa amsar take 120 ba 125 ba

Tambayar da ka turo ita ce: direba ya tashi daga gari A zuwa gari B da gudun kilomita 60 a awa, ya juyo ta wannan hanyar dai da gudun kilomita 40 a awa, zuwa da dawowa gaba ɗaya awa 5 ya yi, to nawa ne nisan da ke tsakanin garuruwan biyu? Kuma ka ce kai ka haɗa 60 da 40 ka raba biyu ka samu 50, ka ninka da 5 ka samu 250, ka sake rabawa biyu ka samu 125, amma a bayan littafi an sa 120, shi ne kake tambaya ko littafin ne ya yi kuskure.

To ƙanena, littafin lafiyarsa ƙalau, 120 ɗin ce amsa. Kuma ba sai ka yarda da ni ba, ɗauki 125 ɗinka ka mayar da ita cikin tambayar ka ga ko za ta zauna. In nisan kilomita 125 ne, zuwa a kan gudun 60 zai ci awa 2 da minti 5. Dawowa a kan gudun 40 zai ci awa 3 da minti 7 da rabi. Haɗa su, awa 5 da minti 12 da rabi kenan, alhali tambaya ta ce awa 5 cif. Ka ga akwai minti goma sha biyu da rabi da suka fito daga inda ba a sani ba. Yanzu gwada 120: zuwa awa 2, dawowa awa 3, jimla 5. Shi ke nan ta zauna daram. Wannan gwajin na mayar da amsa cikin tambaya ka riƙe shi da kyau, don ko minti ɗaya ba ya ci a jarrabawa, kuma shi zai gaya maka gaskiya tun kafin mai duba takarda ya gaya maka da jan biro.

Yanzu bari mu yi shi da aljebra daga tushe. Duk wannan babin a kan abu ɗaya yake tsaye, nisa = gudu × lokaci. Kuma ni ba na ma son ɗalibi ya haddace shi a matsayin fomula, saboda yana nan kwance cikin maganar "kilomita 60 a awa", ai ma'anarta duk awa ɗaya ana cin kilomita 60, in an yi awa biyu 120, in an yi uku 180, ninkawa ce kawai. In kuma nisa ka sani kana neman lokaci, to kana tambaya ne 60 nawa ke cikin wannan nisan, rabawa kenan, lokaci = nisa ÷ gudu. Wancan zanen mai kusurwa uku da ake koya wa yara su rufe harafi ɗaya da yatsa, ba laifi ga mai farawa, amma ba zai fitar da kai a tambaya irin taka ba, saboda a nan tafiya biyu ce ba ɗaya ba, kuma a kowacce daga ciki abu ɗaya kawai aka ba ka cikin uku.

Me ake nema? Nisa. To ka ba shi suna, ka ce x, kuma ka rubuta a takarda ɓaro-ɓaro cewa x shi ne nisan A zuwa B a kilomita, hanya ɗaya, ba zuwa da dawowa ba. Wannan layin mutane na raina shi, amma rabin masu faɗuwa a nan suke faɗuwa, sai mutum ya je tsakiyar aiki ya manta x ɗinsa na mene ne. Da zarar ka ba shi suna sai ka riƙa mu'amala da shi kamar ka san shi. Lokacin zuwa shi ne x/60. Lokacin dawowa x/40. Sai ka koma cikin tambayar ka nemi jimlar da ba ka yi amfani da ita ba tukuna, ita ce "gaba ɗaya awa 5". Ita ce ikweshan ɗinka:

x/60 + x/40 = 5

Daga nan sauran aikin hannu ne. Lambobin ƙasan nan su ke tsorata mutane, to a kore su. Nemi ƙaramar lambar da 60 da 40 duk za su shiga cikinta ba saura, wato LCM ɗin da aka koya maka, 120 ce. Ninka kowane yanki da 120, har da 5 ɗin da ke hannun dama, don ita ake yawan mantawa:

2x + 3x = 600
5x = 600
x = 120

Akwai wata hanyar da ni na fi so ma, don babu raba-raba a cikinta ko kaɗan. Maimakon ka sa wa nisa suna, sa wa lokacin zuwa, ka ce t. Tunda duka awa 5 ne, lokacin dawowa ya zama 5 − t. Nisan zuwa 60t, nisan dawowa 40(5 − t), kuma hanya ɗaya ce aka bi sau biyu, dole su yi daidai da juna:

60t = 40(5 − t)
60t = 200 − 40t
100t = 200
t = 2

Sai dai a nan ka kula, t = 2 ba ita ce amsa ba, ba lokaci aka tambaye ka ba. Sai ka ƙarasa, 60 × 2 = 120. Ɗalibai da yawa da sun ga harafi ya fito da lamba sai su ja layi biyu a ƙasa su wuce, makin ƙarshe ya tafi a banza. Lura da abin da ya faru tsakanin hanyoyin biyu: a ta farko mun yi amfani da "nisan ɗaya ne" wajen sa suna, muka gina ikweshan da "jimlar lokaci 5", a ta biyu kuma muka juya, "jimlar lokaci 5" ta ba mu 5 − t, "nisan ɗaya ne" ya zama ikweshan. Bayanai biyu ne dama a tambayar, ɗaya na sa suna ɗaya na ginin ikweshan, wanda ka ga dama ka fara da shi.

To yanzu ga inda nake so mu ɗan daɗe, wato me ya sa 50 ɗinka ta ƙi aiki, don tunaninka ba na banza ba ne, kusan kowa haka yake fara yi. Matsakaicin gudu ma'anarsa ɗaya ce tak, jimlar nisa a raba da jimlar lokaci. Direban nan ya ci kilomita 240 a awa 5, matsakaicin gudunsa 48 ne, ba 50 ba. Dalili kuwa, bai raba lokacinsa daidai tsakanin gudun biyu ba. Awa 2 ya yi a kan 60, amma awa 3 ya yi yana jan ƙafa a kan 40. Kamar ka zuba ruwan zafi kofi biyu a kan ruwan sanyi kofi uku ne, ba za ka samu tsaka-tsaki daidai ba, zai karkata wajen sanyi tunda shi ya fi yawa. In ka lissafa kowane gudu da nauyin awoyinsa, (60 × 2 + 40 × 3) ÷ 5, za ka ga 48 ta fito da kanta.

Haɗawa a raba biyu yana aiki a wuri ɗaya ne, in lokutan ne suka yi daidai. Da tambayar ta ce ya yi awa biyu da rabi a kan 60 sannan awa biyu da rabi a kan 40, to 150 da 100, jimla 250, a raba da 5, ga 50 ɗinka nan lafiya lau. Amma a tambayarka nisa ne ya yi daidai, ba lokaci ba, kuma muddin nisa ɗaya ne, ɓangaren da aka yi a hankali shi zai fi cin lokaci, ko da yaushe, babu makawa.

Kuma aljebra za ta iya nuna maka wannan ga kowace irin lamba, ba sai 60 da 40 ba. Ka ce gudun zuwa a, na dawowa b, nisa x. Jimlar nisa 2x. Jimlar lokaci x/a + x/b, wanda in ka haɗa ya zama x(a + b)/ab. Raba na farko da na biyu, x na sama da x na ƙasa su cinye juna, ka rage da

2ab/(a + b)

Sa 60 da 40, sama 4800, ƙasa 100, 48. Abin da nake so ka gani shi ne x ya ɓace, wato ko kilomita 5 ne tsakanin garuruwan ko 500, in zuwa 60 dawowa 40 to matsakaici 48 ne. Har ila yau in ka ɗebe wannan daga (a + b)/2 ɗin da ka yi amfani da shi, abin da ke saura shi ne (a − b)² a raba da 2(a + b), a namu 400 ÷ 200, wato 2, tazarar da ke tsakanin 50 da 48 kenan. Tunda saman lamba ce da aka ninka da kanta ba zai taɓa zama ƙasa da sifili ba, don haka hanyarka kullum sama da gaskiya za ta ba ka, sai fa in gudun biyu iri ɗaya ne. Kuma iya nisan da ke tsakanin gudun biyu iya girman kuskuren. Da 60 da 40 ɗan kuskure ne, shi ya sa 125 ta yi kama da gaskiya har ka zargi littafi. Da 90 da 10 ne, haɗawa a raba biyu zai ba ka 50 ɗin nan dai, amma gaskiyar 18 ce, 1800 ÷ 100.

Akwai wata tambaya da malamai ke son ɗana wa ɗalibai tarko da ita a nan. Mota ta yi kilomita 60 na farko da gudun 30 a awa, saura kilomita 60, da wane gudu za ta yi sauran don matsakaicin tafiyar duka ya zama 60 a awa? Kusan duk aji za su ɗaga hannu su ce 90. To duba, kilomita 120 a kan matsakaicin 60 yana nufin awa 2 gaba ɗaya. Rabin farko kuwa, 60 ÷ 30, ya riga ya cinye awa biyun nan tas. Ko direban zai ƙure maleji ba zai yiwu ba, sai dai in zai yi kilomita 60 cikin sifilin daƙiƙa. In ka rubuta ikweshan ɗin ma, ka ce v shi ne gudun sauran tafiyar, haka zai nuna maka, 2 + 60/v = 2, wato 60/v = 0, kuma babu wani v da zai ba da haka. Amsar ita ce babu amsa, kuma cikakkiyar amsa ce wannan in ka nuna dalili.

Tunda ka shiga wannan babin, sauran 'yan uwan tambayar na nan tafe, gara in nuna maka su don ka ga duk uwa ɗaya ta haife su. Abin da ke canzawa kawai shi ne wane abu ne labarin ya ce ya yi daidai da wane.

Ga ta bin sahu. Mota ta tashi da gudun 60 a awa, bayan minti 50 wata ta tashi daga wuri ɗaya ta bi ta da gudun 90, yaushe za ta cim mata? Ka tambayi kanka, a daidai lokacin da ta biyun ta zo kafaɗa da kafaɗa da ta farko, mene ne ɗaya a tsakaninsu? Nisa daga inda suka tashi. Lokacinsu ba ɗaya ba ne, ta farko ta fi daɗewa a hanya da minti 50. Ka ce t shi ne awoyin da ta biyu ta yi. Ta farko ta yi t + 5/6.

Tsaya a kan 5/6 ɗin nan, don nan ne ake zubar da maki kamar ba gobe. Minti 50 ba 0.50 na awa ba ne, awa minti 60 ce ba 100 ba, don haka 50/60 ne, wato 5/6. Wanda ya sa 0.5 zai yi sauran aikinsa tsaf, layi bayan layi, ya fito da awa 1, kuma ba daidai ba ne. Wanda ya sa 50 ɗin yadda take, ya rubuta t + 50, shi kuma ya ce motar farko ta riga ta biyu da awa hamsin kenan, kwana biyu da ɗoriya. In gudu da kilomita a awa aka ba ka, duk wani lokaci da zai shiga ikweshan sai ya koma awa tukuna.

60(t + 5/6) = 90t
60t + 50 = 90t
30t = 50
t = 5/3

Wato awa 1 da kashi biyu cikin uku na awa, awa 1 da minti 40. In ka danna kalkuleta za ta ba ka 1.67, kada ka ce awa ɗaya da minti 67, ɗauki abin da ke bayan ɗigo ka ninka da 60. Gwaji: ta biyu 90 × 5/3 = 150, ta farko ta yi awa 2 da rabi a kan 60, 150. Sun haɗu a kilomita 150.

Kalli layin 30t = 50 da kyau, don yana ba da labari ne. 50 ita ce tazarar da motar farko ta bayar kafin ta biyu ta motsa, 30 kuma ita ce abin da ta biyu ke ragewa daga tazarar duk awa, 90 a cire 60. Wanda ya gane haka zai iya yin tambayar da ka, ba biro. Kuma tsohuwar dabara ce sosai. A cikin tarin tambayoyin lissafi da ake dangantawa da Alcuin, malamin nan ɗan Ingila da ya yi koyarwa a fadar sarki Charlemagne wajen shekara ta 800, akwai kare da ke bin zomo, tazararsu ƙafa 150, kare na tsallen ƙafa 9 zomo na tsallen ƙafa 7, duk tsalle ana rage 2, tsalle 75 kare ya kama shi. Mota ce kawai ta maye gurbin kare.

In kuma fuskantar juna suke, ɗaya daga A ɗaya daga B, to tazarar daga ɓangare biyu ake cin ta, sai a haɗa gudun maimakon a cire. Kilomita 300 tsakani, ɗaya 70 ɗaya 80, sun tashi lokaci ɗaya: 70t + 80t = 300, t = 2. Wannan ba ta da wani wuya.

Ta jirgin ruwa a kogi ta fi ban sha'awa, don tambayarka ce ta sake kaya. Jirgi na gudun kilomita 12 a awa a ruwan da ba ya tafiya, kogi kuma na gudu da kilomita 4 a awa. In ya bi ruwa gudunsa 16, in ya yi gaba da ruwa 8. Ka ce zai je kilomita 32 ya dawo. Hankali zai ce maka ai abin da ruwa ya ƙara masa a zuwa shi ya ƙwace a dawowa, an yi canjaras. Lissafa ka gani: bin ruwa awa 2, gaba da ruwa awa 4, jimla 6. Da ruwan a tsaye yake, 64 ÷ 12, awa 5 da minti 20 kawai. Ruwan ya taimake shi na awa biyu, ya danne shi na awa huɗu, ina canjaras a nan. Haka abin yake ga jirgin sama da iska, shi ya sa tashi daga New York zuwa Landan yakan fi dawowa gajarta, saboda iskar da ke can sama a wannan yankin daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, kuma lissafin nan dai shi ke aiki, abin da aka samu a tafiyar gabas ba ya biyan abin da aka rasa a ta yamma.

Sai kuma waɗanda ake ba ka mita da daƙiƙa a haɗa da kilomita a awa. Kilomita mita 1000 ce, awa daƙiƙa 3600 ce, don haka daga kilomita a awa zuwa mita a daƙiƙa sai ka raba da 3.6, in za ka koma ka ninka. Kilomita 72 a awa mita 20 ce a daƙiƙa. Usain Bolt da ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009, matsakaicinsa ya kama wajen mita 10.4 a daƙiƙa, kusan kilomita 37.6 a awa kenan. A irin wannan rukunin ake kawo jirgin ƙasa da gada, kuma wayon da ke ciki ɗaya ne: jirgi mai tsawon mita 200 da zai tsallake gada mai mita 300 bai gama tsallakewa ba sai wutsiyarsa ta fita, don haka nisan 500 ne ba 300 ba, a kan mita 20 a daƙiƙa, daƙiƙa 25. Zana shi a gefen takarda, kan jirgi a bakin gada, sannan wutsiya a ɗaya bakin, za ka ga 500 ɗin da idonka.

Wadda ta fi ba ɗalibai ciwon kai ita ce in gudu ne ba a sani ba, saboda harafin sai ya faɗa ƙasan layin rabawa. Jirgin ƙasa ya yi tafiyar kilomita 360, da ya ƙara kilomita 10 a awa a kan gudunsa da ya isa minti 30 kafin lokacin da ya isa, nawa ne gudunsa? Ka ce gudun v. Lokacin da ya yi 360/v. Lokacin da zai yi da ya ƙara sauri 360/(v + 10). Bambancinsu rabin awa. Wanne za a cire daga wanne? Mai ƙaramin gudu shi ke da babban lokaci, shi zai zo gaba, in ka juya su alamomin za su kife ka yi ta fama da lambar da ba ta fasuwa.

360/v − 360/(v + 10) = 1/2

Ninka ko'ina da 2v(v + 10):

720(v + 10) − 720v = v(v + 10)
7200 = v² + 10v
v² + 10v − 7200 = 0

Kwadiratik ta fito, wato ikweshan mai v² a ciki, kada gabanka ya faɗi. Layin tsakiyar ma ya riga ya tona asirin, lambobi biyu ake nema da bambancinsu 10 kuma in an ninka su a samu 7200, 80 da 90 kenan. (v − 80)(v + 90) = 0, ko dai v = 80 ko v = −90. Ikweshan ba ta san jirgin ƙasa ba, ita lambobi kawai take gani, kai ne ka san cewa gudun da ake tambaya ba zai zama ƙasa da sifili ba, don haka ka rubuta a fili cewa ka yar da −90 saboda wannan dalilin, kada ka share ta shiru kawai, masu duba takarda suna son ganin wannan layin. Gwaji: 360 ÷ 80 awa 4 da rabi, 360 ÷ 90 awa 4, bambanci rabin awa.

Wani abu da na lura da shi a wajen masu koyo, suna ɗauka wahalar a cikin x da y take, alhali in ka ba su 2x + 3x = 600 kai tsaye za su warware ta cikin ƙiftawar ido. Wahalar tana wajen juya labari ya koma ikweshan, kuma wannan aikin karatu ne da fahimta kafin ya zama na lissafi. Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljebra a Bagadaza wajen shekara ta 820, babu harafi ko alama ɗaya a aikinsa, da jimloli ya warware komai, har kwadiratik. Wannan al'adar ta sa x, y, z ga abin da ba a sani ba sai a ƙarni na 17 ta kafu, ta hannun Descartes a 1637. Don haka in ka zauna da tambaya, kafin ka rubuta harafi ko ɗaya, faɗi ikweshan ɗin da bakinka da Hausa: lokacin zuwa da lokacin dawowa sun haɗu sun ba da biyar, ko nisan wannan ya yi daidai da nisan wancan, ko lokacin a hankali ya fi lokacin sauri da rabin awa. In ba ka iya faɗar wannan jimlar ba to ba ka shirya rubuta komai ba, koma ka sake karanta tambayar. Ɗan tebur ma na taimakawa, layi ɗaya ga kowace tafiya, gida uku na gudu da lokaci da nisa, ka cike biyu daga abin da aka ba ka da harafinka, na ukun kuma kada ka ƙirƙiro masa sabon harafi, fitar da shi daga biyun nan. Ikweshan kusan kullum daga wannan gida na ukun take fitowa.

Game da wane abu za ka sa wa harafi, ba dole ba ne sai abin da aka tambaya. In ka sa wa lokaci, ninkawa za ka yi ta yi, aiki ya zo da sauƙi. In ka sa wa nisa, za ka samu lambobi a ƙasan layi, LCM ta share su. In ka sa wa gudu, harafi ne zai koma ƙasa, kuma sau da yawa kwadiratik na jiran ka a gaba. In da zaɓi ni lokaci nake ɗauka, sai dai in riƙa tuna cewa akwai sauran taki ɗaya a ƙarshe kafin a kai ga abin da aka nema.

Ga ɗaya ka gwada da hannunka: direba ya je gari B da gudun kilomita 90 a awa, ya tsaya a can minti 45, ya dawo da gudun 60, daga tashinsa zuwa dawowarsa awa 5 da minti 45. Nemi nisan ta hanyar x, sannan ka sake nemansa ta hanyar t, ka tabbata sun ba ka lamba ɗaya. Kafin ka fara ka yanke shawarar inda minti 45 na tsayuwar nan za su shiga, don mota ba ta cin ko mita ɗaya a cikinsu amma agogo na tafiya. Ka turo min aikin gaba ɗaya layi-layi, ba amsar ƙarshe kaɗai ba.